Zaren fim ya tafi, dijital ta zo: abin da ya sauya a sana'ar fim da abin da ya rage

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Oshodi ya nufi Agege ya san kiran nan na kwandasta, "Pen Cinema, Pen Cinema", amma idan baƙo ya sauka ya ce a nuna masa gidan silimar, ba abin da zai gani sai gadar sama da aka buɗe a 2021 da kantuna da cunkoson masu saye da sayarwa. Wurin ya daɗe da barin sana'arsa, sunan ne kawai ya maƙale a bakin mutane. Dattawan Hausawan Agege kuwa har gobe suna ba da labarin dararen da suke cika silimar Danjuma domin kallon fim ɗin Indiya, da yadda ɗakin kan ɗauki ihu idan zaren fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, har sai mai majigi ya liƙe shi an ci gaba. Ba nisa da gindin gadar akwai wani matashi da nakan tsaya wurinsa, yana da teburi da tsohuwar kwamfuta da tarin wayoyin caji. Ka miƙa masa waya ko memori, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ya tura maka fina-finai goma. Tsakanin wancan zare mai tsinkewa da wannan memori da bai fi farcen yatsa girma ba, sana'ar fim ta sauya tun daga tushe. Mu Hausawa masu kallo, musamman mazauna Legas da muke zaune a gindin babbar kasuwar fim ta ƙasar nan, ya kamata mu fahimci abin da ya sauya ɗin, domin ba duka ne ya zo mana da riba ba.

Sai an san yadda abin yake a da kafin a gane girman sauyin. Fim a asalinsa wani dogon zare ne na roba mai faɗin milimita 35, an shafe fuskarsa da sinadarin azurfa mai jin haske. Kyamara tana jan zaren ta bayan gilashinta tana ɗaukar hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma da yake ido ba ya iya rarrabe hotunan da ke wucewa da irin wannan sauri, sai mai kallo ya ga motsi. Minti ɗaya yana cin kusan mita 27, wato fim na awa biyu zai haura kilomita 3 idan aka warware shi, shi ya sa ake raba shi naɗi-naɗi a zuba a gwangwanaye biyar ko shida waɗanda ƙato ke ɗauka da ƙyar. Mai ɗaukar hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka a nan take. Sai an kai zaren ɗakin wanki an tsoma shi a sinadarai cikin duhu, kamar dai yadda masu hoto suke yi a da. Mai tace fim kuma yanka yake yi na zahiri, ya datse zaren ya haɗa wannan fitowa da waccan ya liƙe. Bayan duk wannan, kowane gidan silima yana buƙatar kwafinsa na kansa, kuma a Amurka kwafi ɗaya kan ci fiye da dala 1,000. Kamfanin da ke son fim ɗinsa ya fito a allo 3,000 rana ɗaya, kuɗin buga kwafi kaɗai zai kai shi miliyoyin daloli, ban da kuɗin dako.

Wannan tsada ita ce ta tsara tarihin fim a Najeriya. A nan Legas aka fara nuna fim a ƙasar nan, a zauren Glover, a 1903, daga baya kuma Turawan mulkin mallaka suka yi ta yawo da motocin majigi gari-gari suna haska fina-finan tsafta da noma a ƙofar fada. Bayan samun 'yancin kai, mutane irin su Ola Balogun da Hubert Ogunde da Eddie Ugbomah da Adeyemi Afolayan sun shirya fina-finai a kan zare, a Arewa kuma Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim a 1976. Sai dai zaren daga waje ake sayo shi, wankinsa ma galibi sai an kai Landan, komai da kuɗin waje. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi warwas, yin fim a kan zare ya fi ƙarfin kusan kowa. Gidajen silima suka rasa abin nunawa, ga talabijin da bidiyo sun shiga gidaje, ga fargabar fita da dare, sai ɗaya bayan ɗaya suka koma coci ko sito ko ɗakin biki.

Ke nan Najeriya ta rabu da zaren fim kusan shekara ashirin kafin Hollywood, kuma babu ce ta raba ta da shi. A Kano ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, a Legas kuma ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage a 1992, kuma daga waɗannan aka samu masana'antun da daga baya aka laƙaba wa Kannywood da Nollywood. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi, na ɗaukar kaset a matsayin dijital. Kaset yana riƙe hoto ne ta hanyar maganaɗisu a jikin siririn zare, kuma duk lokacin da aka kwafa daga wani kaset zuwa wani hoton yana raguwa: na farko fes, na uku ya dusashe, na biyar fuskar jarumi ta koma inuwa, waƙa kuma ta riƙa rawa a kunne. Dijital kuwa tana mayar da hoto da sauti lambobi ne, sifili da ɗaya, kuma lamba ba ta dusashewa wajen kwafa, don haka kwafi na dubu daidai yake da na farko. A ganina alherin wannan sauyi da sharrinsa duk daga wannan siffa guda ɗaya suka tsiro.

Kasuwancin fim ɗin Hausa na wancan zamani ya isa misali. Mai shirya fim a Kano ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake sayarwa. Zai ba dillalan Ƙofar Wambai da Bata asalin fim ɗin, ya buga dubban kwalaye masu hotunan jarumai, dillalai su sayi kwalin su buga kaset da kansu su saka a ciki, kuma adadin kwalin da aka saya shi ne cinikin mai fim. Tsari ne da ya tsaya a kan ƙafa biyu, amana tsakanin 'yan kasuwa da kuma wahalar kwafa, domin mai son satar fasaha yana buƙatar na'urori da yawa da lokaci, kuma abin da zai fitar ba zai kai na asali kyau ba. Daga Kano kaya kan sauko Agege da Idi-Araba da Alaba Rago a motocin da ke kawo sauran haja, matan aure su aika yara su karɓo haya. Da faifan VCD ya shigo a farkon shekarun 2000, DVD ya biyo baya, na'urorin buga faifai suka yi arha, sai aka wayi gari faifai ɗaya ɗauke da fina-finai da yawa ana tallarsa a cunkoson motoci a farashin da bai kai na fim ɗaya na halal ba. 'Yan fim na Kudu sun sha fitowa zanga-zanga kan wannan. Da wayar salula mai memori ta shiga hannun kowa, faifan ma ya zama ba dole ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 2010 kasuwar faifai ta mutu murus. Dubban mutanen da ke cin abinci a buga kwali da dako da shagon haya suka nemi wata sana'a.

A can ƙasashen da ke da kuɗin ci gaba da amfani da zare, sauyin ya bi wata hanya daban, kuma manyan kamfanoni ne suka tsara shi da gangan. A 1999 aka nuna wani kashi na Star Wars da na'urar dijital a gidajen silima huɗu a Amurka a matsayin gwaji, a 2002 kuma George Lucas ya fitar da kashi na gaba wanda ya ɗauka da kyamarar dijital ta kamfanin Sony. A wannan shekarar ce manyan kamfanonin Hollywood suka kafa wata haɗaka mai suna DCI, wadda a 2005 ta fitar da ƙa'idojin da kowace na'urar haska fim za ta cika kafin a ba ta fim ɗinsu. Amma maganar ta cije a kan tambayar wa zai biya. Kamfanonin rarraba fim su ne za su huta da kuɗin buga kwafi, masu gidajen silima kuma su ake so su zubar da majigin da ke iya aiki shekara talatin su sayi na'urar gomman dubban daloli ga kowane allo. Aka sasanta a kan cewa mai rarrabawa zai riƙa biyan wani ɗan kuɗi a kan kowane fim da aka nuna da sabuwar na'ura har mai silima ya mayar da jarinsa. Fim ɗin Avatar na 2009, wanda jama'a suka yi rububin gani da tabarau mai sa hoto ya fito kamar a taɓa shi, ya ƙara ingiza masu jan ƙafa. Kamfanin Kodak mai yin zaren fim ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a farkon 2012, Fujifilm ya daina yin zaren ɗaukar fim a 2013. Har yau akwai daraktocin da ke dagewa sai zare, kuma Kodak na ci gaba da yi musu, amma abin ya koma zaɓin mai hali.

Wani ɗan'uwa da ke aiki a ɗaya daga cikin gidajen silima na Ikeja ya taɓa shigar da ni ɗakin haskawa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sanyi da rashin hayaniya. Babu ƙarar zare yana gudu, babu gwangwani, sai hurin fanka da wata na'ura mai girman firji a gaban ƙaramar taga, da uwar kwamfuta a gefenta. Ya nuna mini fim ɗin da za su fara nunawa ranar Juma'a: wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai girman littafi, rumbun ajiya irin na kwamfuta, ɗauke da abin da suke kira DCP, wato kunshin hoto da sauti da rubutun fassara, wanda kan haura gigabayit 100. Yakan jona shi ya juye a cikin uwar kwamfutar, amma ko ya juye fim ɗin ba zai buɗe ba, domin a kulle yake. Mabuɗin, wanda suke kira KDM, wani ɗan ƙaramin saƙo ne da mai rarraba fim kan aiko ta imel, an yanka shi daidai da lambar wannan na'ura ita kaɗai, an kuma rubuta masa ranar farawa da ranar ƙarewa har da awa. Idan aka ɗauki mabuɗin zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka ba zai yi aiki ba, idan wa'adinsa ya cika allo zai tsaya baƙi ko da ɗakin cike yake da mutane. A cikin na'urar kuma, a mafi yawan gidajen silima, akwai wani ɗan falle na kamfanin Texas Instruments mai ɗauke da miliyoyin ƙananan madubai, kowanne yana karkata sau dubbai a daƙiƙa domin ya aika haske ko ya hana shi. Allon da ake ce wa 2K yana da ɗigon hoto 2,048 a kwance da 1,080 a tsaye, na 4K kuma ya ninka wannan sau huɗu. Ɗan'uwan nawa yakan tsara nune-nunen mako guda a zama ɗaya, har da lokacin da fitilu za su mutu da kansu, shi kaɗai yana kula da ɗakuna da yawa, aikin da a da kowane ɗaki ke buƙatar mutum a tsaye.

Wannan mabuɗi shi ne amsar da masu kuɗi suka ba matsalar kwafi maras dusashewa. Sun karɓi arhar dijital, sannan suka gina mata katanga. Masu fim ɗin Hausa sun samu arhar, amma katangar ba ta zo tare da ita ba.

Legas ta ci moriyar sabon tsarin ƙwarai. Ben Murray-Bruce ya buɗe gidan silimar Silverbird a Victoria Island a 2004 lokacin da mutane da yawa ke ganin silima ta mutu a ƙasar nan, Genesis ya biyo baya, Filmhouse ya fara a 2012 ya kuma buɗe katafaren allon IMAX a Lekki a 2016. Har zuwa 2010 mai son fim ɗinsa ya yi kyan shiga silima yakan koma ga zare, kamar yadda Chineze Anyaene ta yi da Ijé. Da na'urorin haskawa suka koma dijital, ɗan Najeriya ya samu damar kai fim ɗinsa allo hamsin rana ɗaya ba tare da ya je Landan buga kwafi ba, kuma sakamakon ya bayyana a ciniki: The Wedding Party ya tara fiye da naira miliyan 400 bayan fitowarsa a ƙarshen 2016, A Tribe Called Judah na Funke Akindele kuma ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a silima a farkon 2024.

Ta fuskar ɗaukar fim ma ƙofa ta buɗe. Kyamarar Red ta fito a 2007, Canon ya fitar da 5D Mark II a 2008, wadda kyamarar hoto ce mai ɗaukar bidiyo mai kama da na silima a farashin da matashi zai iya tarawa, Arri kuma ya kawo Alexa a 2010. Yau a Legas ana ba da hayar irin waɗannan na kwana, darakta yana ganin abin da ake ɗauka a allon da ke gabansa, ana iya tace fitowar safe kafin magariba a kwamfutar cinya, jirgi maras matuƙi kuma ya ba kowa hoton sama wanda a da sai mai hayar helikwafta. Ina murna da wannan, domin labarai da yawa da ba za su taɓa samun mai zuba musu jari ba sun fito. Amma akwai abin da tsadar zare ke tilasta wa mai fim wanda arha ta ɗauke masa. Lokacin da naɗi ɗaya na ƙafa 1,000 ke ƙarewa a minti 11 kuma kowane minti kuɗi ne, babu mai kunna kyamara sai an kammala rubutu, 'yan wasa sun haddace, an auna haske. Yanzu da memori ba ya ƙin karɓa, ana iya isa lokeshin da rabin labari a ce za a gyara wajen tacewa. Kyamara mai tsada ba ta gyara fitowar da aka haska da fitila ɗaya, ba ta kuma hana ƙarar janareto shiga maganar jarumi. Duk mai kallon fina-finanmu da kunne ya san sauti ne ya fi baya, sai haske, sai gyaran launi, kuma waɗannan uku ilimi ne da ake koya shekara da shekaru, ba kayan da ake saya ba. Fina-finan Hausa da suka ba wa waɗannan haƙƙinsu, irin su The Milkmaid da Mai Martaba da Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar, sun nuna cewa harshen da labarin ba su ne cikas ba.

Cikas ɗin yana wajen nunawa. Na'urar da ta cika ƙa'idar DCI da dala ake sayenta, da dala ake sayen fitilarta ko gyara lesarta, tana kuma son sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, wato dizal daga safe har dare. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023 wannan nauyi ya ninka, ya sauka a kan tikiti. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 allunan silimarta 'yan ɗaruruwa ne kacal, mafi yawansu a cikin manyan rukunin kantuna na Legas da Abuja da biranen Kudu. Daga kuɗin tikitin kuma, bayan haraji da kason gidan silima da na mai rarrabawa, abin da ke isa hannun mai fim ba ya kai rabi. Tsohuwar silima ta unguwa wurin talaka ce, leburan kasuwa da yaron mota suna iya shiga da cinikin yini. Sabuwar kuwa an gina ta ne domin mai albashi da mota. Bahaushen da ke sauke tumatir a Mile 12 ko yake canji a Agege zai iya shekara ashirin a Legas, minti talatin tsakaninsa da allo mafi kyau a Afirka ta Yamma, bai taɓa shiga ba, kuma ko ya shiga da wuya ya tarar da fim a harshensa. Akwai kuma tsohon tabo: a wurinmu gidan silima ya daɗe da sunan matattarar marasa tarbiyya, inda mace mai mutunci ba ta zuwa, alhali mata su ne ƙashin bayan masu kallon fim ɗin Hausa tun zamanin kaset. Filmhouse ya buɗe reshe a rukunin kantunan Ado Bayero a Kano a 2015 kuma an nuna fina-finan Hausa a can, amma allo ɗaya ko biyu ba sa riƙe masana'anta.

Don haka fim ɗin Hausa ya koma inda masu kallonsa suke, talabijin da waya. Tashar Arewa24 ta fara a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai ci gaba mako-mako, daga nan masu shirya fim suka rungumi YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Tsarin biyan kuɗin ya cancanci a fahimce shi, domin shi ne ke sassaƙa labaran da muke gani. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, bayan tashar ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, amma kuɗin tallan ya danganta da inda mai kallo yake. Kallo dubu daga Najeriya ba ya kawo abin da kallo dubu daga Amurka ko Saudiyya ke kawowa. Mai fim yana buƙatar miliyoyin kallo kowane mako kafin ya mayar da kuɗinsa, shi ya sa ake jan labari ya yi tsawo, ake cusa tallar mai maganin gargajiya da mai sayar da fili a tsakiyar fitowa, ake kuma katse kowane kashi a daidai inda zuciya ta rataya. Wanda kuma ya karɓi fim ɗin a memori wurin mai turi bai shiga lissafi ba ko kaɗan, ya kalla, ya yaba, amma ko kwabo bai isa ga wanda ya yi wahalar ba. Ban ga laifin matashin da ke turin ba shi kaɗai, domin yana cike giɓi ne da tsadar data ta haifar. An sa rai ga manyan kamfanonin waje bayan Netflix ya sayi fim ɗin Najeriya Lionheart a 2018, amma Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka a farkon 2024, abin da ya nuna cewa kasuwar da mabuɗinta ke hannun wani ana iya rufe ta ba shawara.

Ina ganin akwai wata dama a tsakiya da ba a gwada ta yadda ya kamata ba. Ƙa'idar DCI sharaɗin Hollywood ce ga mai son nuna fim ɗin Hollywood. Mai nuna fim ɗin Hausa ba ta hau kansa ba. Na'urar haskawa mai matsakaicin farashi da lasifika masu kyau da wutar sola sun isa ɗaki mai kujera ɗari. Unguwanninmu a Agege da Idi-Araba da Obalende cike suke da gidajen kallon ƙwallo, wato mutane sun riga sun saba biyan kuɗi kaɗan su zauna tare su kalli allo. Abin da ya rage shi ne wuri mai tsafta da haske, da lokacin mata da iyali da rana, da amincewar shugabannin unguwa, da yarjejeniyar da za ta sa mai fim ya saki sabon aikinsa mako biyu kafin ya hau intanet ya kuma ga kasonsa a rubuce. Mafi wuyar cikinsu ita ce ta ƙarshe, domin amana ce irin wadda tsarin kwali ya rayu a kanta.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda ba a cika tayar da ita ba, wato adanawa. Mutane suna ɗauka abin da ya zama dijital ya tsira har abada, alhali lambar ce ba ta dusashewa, abin da aka zuba ta a ciki kuwa yana mutuwa. Zaren fim da aka ajiye a wuri mai sanyi maras danshi yana iya kai shekara ɗari, kuma ko babu na'ura za ka ɗaga shi a haske ka ga hoto. Rumbun kwamfuta da aka jefa a durowa yana iya ƙin tashi bayan 'yan shekaru, kuma idan ya ƙi, ba rabi ake rasawa ba, duka ne. Cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta fitar da rahoto a 2007 da ya nuna cewa adana asalin fim na dijital yadda ya kamata ya fi adana na zare tsada fiye da ninki goma, domin sai an riƙa ƙaura da shi daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa, ana ajiye kwafi a wurare daban-daban. Shaihu Umar an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi da fasahar dijital, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Zaren ya jira shekara arba'in, dijital ta dawo da shi idon duniya. Ina tambayar kaina ko fim nawa ne daga cikin dubban da aka yi a Kano da Jos da Kaduna tsakanin 1990 da 2015 za su iya irin wannan jira. Wani abokina mai tace fim a Surulere ya rasa asalin aikin shekara guda da rumbunsa ya faɗo daga tebur, abin da ya rage masa shi ne kwafin da ya matse ya ɗora a intanet da tambarin tasha a kusurwa. Hukumar tana da ma'ajiyar fim da sauti ta ƙasa a Jos, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne ke shugabantarta, mutumin da ya san waɗannan fina-finai daga ciki; ina fatan tattara asalin kaset da faifai daga hannun furodusoshi da magadansu zai shiga sahun farko na aikinta, tun kafin danshi da gara su gama da su.

Kwanakin baya mahaifiyata ta ce in nemo mata wani tsohon fim na zamanin kaset da take son waƙoƙinsa. Na duba intanet ban samu ba sai guntun waƙa ɗaya, don haka na biya wurin matashin nan na gindin gada, wanda a zahiri kwamfutarsa ita ce babbar ma'ajiyar fim ɗin Hausa da na sani a Agege. Ya gane fim ɗin tun kafin in gama faɗin sunan jarumar, ya yi ta bincike a rumbuna uku, sannan ya ɗago ya ba ni haƙuri. Ya ce yana da shi har bara, amma wuri ya cika, sai ya goge tsofaffin domin ya zuba sababbin masu dogon zango da mutane ke tambaya.